Ciwon gwiwa da ƙugu ga tsohon da ke zaune shi kaɗai: yadda muka bi da na Innarmu mataki mataki

Innarmu ta haura shekara 70, kuma tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa babu irin lallashin da ba mu yi ba kan ta dawo gidan ɗayanmu, tace atafau ita ba inda za ta, ɗakin da aka kawo ta tana amarya nan za a fitar da gawarta. Toh haka muka haƙura, aka bar mata jika ɗaya 'yar sakandare tana taya ta kwana, amma da rana ita kaɗai ce, ita ke ɗora tukunyarta ita ke sharar tsakar gidanta ita ke watsa wa kajinta tsaba. Matsalar dai gwiwa, musamman ta dama, sai kuma ƙugu da yake riƙe mata in ta daɗe a sunkuye. Shekara da shekaru abin da muka iya kawai shine mu ce sannu Inna, mu aika kemis a haɗo mata na ciwon jiki, mu ce Inna dan Allah ki zauna ki huta kar ki taɓa komai. Sai daga baya na gane abu biyun nan da muke yi da sunan tausayi, haɗin kemis da zauna ki huta, sun fi ciwon kansa yi mata illa.

Ni ba likita ba ne, ɗan rakiya ne da ya sha zaman benci a asibiti yana damun mutane da tambaya. Abin da zan kawo nan shine yadda za ku bi abin daki-daki in kuna da tsoho ko tsohuwa mai irin wannan lalura wanda bai yarda ya zama kaya a gidan kowa ba, ko kuma kai ne dattijon da kanka kake karantawa a waya.

Mataki na farko, ku san wane irin ciwo ne

Mu dai komai ya taɓa gaɓa sai mu ce sanyi ne, sanyin ƙashi, shikenan an gama bincike. Alhali ciwon da ya wuce wata 3 yana tare da mutum ya fita daga sahun gajiya, kuma iri-iri ne. Wanda ya fi yawa a tsofaffi shine amosanin gaɓa, wato guringuntsin da ke kan ƙashi a cikin gwiwa ko ƙugu ko yatsu ya siɗe ya yi siriri, gaɓar ta riƙa ƙara ƙas-ƙas, in an tashi da safe ta riƙe na ɗan lokaci, yawanci bai kai rabin awa ba ta saki, in an yi aiki da yawa kuma ta kama ciwo da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 528 ke da shi a duniya, mata sun fi yawa, kuma gwiwa ce kan gaba. Kaga ba jifa ba ne ba sammu ba.

Amma akwai wani daban da yake kama ƙananan gaɓɓan hannu biyu tare, dama da hagu, su kumbura su yi ɗumi, da safe a yi awa guda ko fiye hannu bai buɗe ba, wannan garkuwar jiki ce ke cin gaɓa kuma maganinsa daban ne, in aka makara yatsu karkacewa suke. Akwai wanda yake faɗo wa babban yatsan ƙafa cikin dare ya yi ja ko zani ba ya son ya taɓa shi. Akwai zaizayar ƙashi da ta fi kama mata bayan al'ada ta ɗauke, ita ba ta ciwo sai an karye, za ka ga tsohuwa tana rage tsawo tana ranƙwafawa. Akwai kuma zafin tafin ƙafa kamar an zuba barkono ko tafiyar kiyashi, wanda sau tari ciwon suga ne ya taɓa jijiya, gaɓa ba ruwanta.

Abin yi a nan mai sauƙi ne, a samu littafin 'yan makaranta, sati 2 ana rubutawa: ina ne ke ciwo, yaushe ya fi tsanani, me aka yi kafin ya tashi, yana hana bacci ko a'a. Tsofaffinmu suna da kara, in ka tambaya sai su ce da sauƙi alhamdulillahi ko da daren ba su runtsa ba, saboda haka kar ka tambayi yaya jiki, tambayi Inna yau kin iya yin sujada? Kin iya tashi daga tabarma ba ki dafa bango ba? Nan gaskiya take fitowa.

Mataki na biyu, alamomin da ba a kwana da su a gida

Wannan gajere ne amma a riƙe shi. In gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi rau ga zazzaɓi, asibiti yau ba gobe ba. In an faɗi aka kasa tsayawa a kan ƙafa, musamman ka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, ƙashin ƙugu ne ya karye, kar a ja, kar a kira mai ɗori, a ɗauka a kwance a tafi. In ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafafu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, wannan na gaggawa ne. In ciwon baya ya fi tsanani da dare ga rama ga gumin dare, a tuna tarin fuka yana kama ƙashin baya kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne, haka kansar mafitsara ta maza da kansar nono suna iya gangarawa ƙashi su fara bayyana kamar ciwon baya kawai. In sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ciwon kafaɗar hagu ya zo da nauyin ƙirji da gumi, shi ma kar a tsaya shafa man zafi.

Mataki na uku, a zazzage ledar magani

Nan zan daɗe domin nan muka kusa yin asara. Ranar da na zazzage baƙar ledar da ke ƙarƙashin filon Inna a kan tabarma sai da jikina ya yi sanyi, ƙullin magani kala-kala babu kwali babu suna, ja da fari da ruwan ɗorawa da wani ɗan mitsitsi, duk dare sai ta buɗe ƙulli ɗaya ta watsa ta kora da ruwa, wani sa'in ko tuwo ba ta ci ba. Da na kai wa mai ilimin haɗa magunguna a asibiti ya dudduba, ashe a ƙulli ɗaya akwai maganin kashe zafi iri biyu 'yan gida ɗaya, ga kuma ɗan mitsitsin nan wanda shi ne ya sa fuskarta ta yi cika muna ta murna wai Inna ta murmure.

Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don ku gane su in kun gani: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, indomethacin, naproxen. Duk dangi ɗaya ne. Suna kashe ciwo kam babu ƙarya, shi ya sa ake son su, amma ga tsoho in aka ɗore da su suna ƙwaƙule ciki su kawo olsa har da zubar jini, suna gajiyar da ƙoda, suna tayar da hawan jini su hana maganin hawan jinin aiki yadda ya kamata, suna sa ƙafa kumbura ga mai ciwon zuciya. Haɗa biyu a lokaci ɗaya ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa. Indomethacin ɗin nan ma ai shi ne wasu ke barbaɗa wa ɓera a abinci, toh ka yi tunani. In tsoho yana shan irin waɗannan ka ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi amai kamar garin kofi, ko ya yi fari fat yana haki, jini ne ke zuba a ciki, a tafi asibiti.

Ɗan mitsitsin kuwa dexamethasone ne ko ɗan'uwansa prednisolone. Shi kwana biyu za ka ji kamar an sake haihuwarka, amma in an daɗe yana kumbura fuska, ya tayar da suga, ya sa fata ta yi laushi tana yagewa, kuma abin haushin yana zaizaye ƙashin da ake neman gyarawa. Abu mai muhimmanci, wanda ya yi makonni ko watanni yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, jiki zai iya faɗuwa gaba ɗaya, likita ne zai riƙa ragewa a hankali. Don haka kar ka karanta wannan ka je ka zubar da ledar a masai, ɗauke ta za ka yi ka kai asibiti yadda take. Tramol kuma ga tsoho jiri ne da taurin bayan gida da rikicewa da faɗuwa, ga sabo, ba abin saye a kan tebur ba ne.

Toh me za a sha kenan? Parasitamol ya fi sauƙin illa, ƙwaya mai 500 guda 2 a lokaci ɗaya, ga tsoho kar ya wuce sau 3 a wuni sai da izinin likita, in ɗan siriri ne ko yana da ciwon hanta ƙasa da haka ma, kuma a lura magungunan mura da yawa akwai parasitamol a cikinsu kar a ninka ba a sani ba. Gaskiya ba kowa yake yi wa aiki sosai a ciwon gaɓa ba, ba zan ɓoye ba. Ga gwiwa da yatsu, diclofenac na shafawa ya fi na sha aminci nesa ba kusa ba domin kaɗan ne ke shiga jini. In kuma likita ya ga dole sai an sha na haɗiya, zai ba da ƙarami na ɗan lokaci, bayan an ci abinci, sau da yawa tare da maganin kare ciki irin omeprazole. Sannan wannan son allura da muke da shi, wai ta fi ƙwaya ƙarfi, allurar diclofenac a ɗuwawu illarta ga ƙoda da ciki tana nan daram, ga haɗarin ƙurji in hannun bai ƙware ba.

Mataki na huɗu, zuwa asibiti da shiri

A tafi da littafin nan da ledar magani duka har da na gargajiya da na Islamik kemis, kar a ji kunya. A nemi a auna jini da suga, a yi gwajin ƙoda in an daɗe ana shan magungunan can. Hoton ƙashi yana da amfani amma kar ya tsorata ku, akwai wanda hotonsa ya lalace yana yawonsa, akwai wanda nasa da sauƙi yana kuka, ba hoto ake yi wa magani ba. Sannan ku buɗe baki ku ce a tura ku sashen gashin ƙashi, domin in ba ku tambaya ba wani lokaci takardar magani kawai za a miƙo muku saboda layi. Manyan asibitoci suna da sashen, irin asibitin ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Shika a Zariya, da na koyarwa na Sakkwato da Maiduguri, da yawancin manyan asibitocin jiha. Sunan gashi yana ruɗar mutane su ɗauka fitila kawai za a haska musu, a'a babban aikinsu koya maka motsin da za ka je gida ka ci gaba da yi.

Mataki na biyar, motsi, wanda shi ne ainihin maganin

Ƙofar da ba a buɗewa ita ce ke cijewa. Gwiwa naman cinya ne ke riƙe da ita, in mutum ya zauna saboda ciwo naman ya saki ya rame, nauyi duk ya koma kan gaɓar, ciwo ya ƙaru, ya ƙara zama, haka ake yi har a wayi gari sai an ɗaga shi. Mu da bakinmu muka riƙa tura Inna wannan hanya.

Ga abin da aka koya mana, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Na ɗaya tashi-zauna: kujera mai ƙarfi a jingine da bango, ba ta roba mai santsi ba, a zauna a matso bakin kujera, ƙafafu a ƙasa an ɗan ja su baya, a sunkuyo gaba a miƙe tsaye, sannan a koma a hankali kar a faɗa jagwab. A fara da 5, da dafa hannu in ya kama, a riƙa ƙarawa har 10, safe da yamma. Na biyu a kwance a gado, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin gwiwa, a danna gwiwar ƙasa a kan tawul ɗin har naman cinya ya ɗaure, a ƙirga 5 a saki, sau 10. Na uku a kwance dai, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ɗaya a miƙe, a ɗaga miƙaƙƙiyar kamar taƙi ɗaya daga katifa a riƙe kaɗan a sauke. Na huɗu a tsaye an dafa bango ko taga, a ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu a sauko, sannan a ware ƙafa gefe a dawo da ita. Ga mai ciwon baya, a kwanta rigingine a lanƙwashe gwiwoyi a riƙa karkata su dama da hagu a hankali, sannan a ɗaga ɗuwawu sama kaɗan a sauke. Mai ciwon yatsu ya tsoma hannu a ruwan ɗumi yana dunƙulewa yana buɗewa.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 a sati ga manya har da tsofaffi, wato kamar rabin awa kwana 5, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2, ga 'yan 65 zuwa sama kuma a ƙara na daidaita tsayuwa kwana 3 saboda faɗuwa. Kar adadin ya ba ku tsoro, Inna da minti 5 ta fara, daga ɗakinta zuwa zaure ta dawo. Dattijo namiji ya fi samun sauƙi domin masallaci sau biyar ma tafiya ce, tsohuwa kuwa sai an ƙirƙiro mata dalili, gaisuwar maƙwabta, islamiyyar matan aure, leƙa mai jego.

Tambayar da kowa ke yi, in ana yi ana jin ciwo fa? Ɗan ciwon da za a iya daurewa ba laifi, ba alamar gaɓa na lalacewa ba ce. Ma'aunin shine washegari: in ciwon ya koma yadda yake kafin a yi, a ci gaba, in ya ƙaru ya kwana ya wuni ko gwiwa ta kumbura, an zarce, a rage rabi amma kar a daina. Kuma sai an yi sati 6 zuwa 12 kafin a ga bambanci na sosai, sannu ba ta hana zuwa. Haka ranar da jiki ya yi daɗi kar a ce yau sai an wanke kayan gida duka an share an daka, gobe a kwanta kwana uku, a raba aikin gida-gida ana hutawa tsakani.

Wani sirri kuma, ni in na ce Inna tashi ki yi sai ta harare ni tace yaushe na haife ka har za ka sa ni tsallen kwaɗo. Amma jikar nan tata in ta ce ke tsohuwa tashi mu gani ko kin fi ni, kishiya ta gaji ta bar min mijin, sai ka ga Inna ta miƙe tana zaginta tana dariya ta yi goma cif. Wasan jika da kaka ya yi mana aikin da nasiha ta kasa, ku yi amfani da shi.

Mataki na shida, a gyara gidan ya dace da gwiwar

Gidajenmu komai a ƙasa yake, kwanciya a ƙasa, girki a tsugune, wanki a sunkuye, masai na tsuguno, alwala a tsugune. Ga gwiwar da ta siɗe tsuguno mai zurfi shi ne babban azaba. Ku fara da bayan gida domin nan ne mutunci yake, tsoho zai iya jure komai banda a kama shi a kai shi masai. Ana sayar da kujera mai rami a shagunan kayan asibiti da ake ɗorawa a kan masan, in babu kafinta ko mai walda zai yi muku, tsawonta ya kai gwiwar mai ita ko ya ɗan fi. A kafa ƙarfen dafawa a bango, a kafa shi da siminti sosai ba ƙusa biyu ba. A kankare gansakuka, in tayil ne mai santsi a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa, a ajiye kujerar wanka, bokiti kuma a ɗora shi kan bulo.

Katifa a ɗaga ta kan gado, tsawon da in an zauna tafin ƙafa zai taɓa ƙasa. Kurfoti ko risho a ɗora kan tebur mai ƙarfi ko a gina ɗan dakali, a yi girki a zaune kan kujera mai tsawo maimakon 'yar tsuguno. Tsintsiya a sa mata dogon mariƙi. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce fa, ba kayan tsohuwa ba ce, a yi ciniki da mai ruwa ya riƙa juyewa a randa ko a raba a ƙananan robobi. Dokin ƙofa in ya yi tsawo a rage shi ko a shafa masa farin fenti a riƙa ganinsa. Tabarma mai naɗaɗɗen baki, wayar caji a ƙasa, silifas da ya siɗe, duk tarko ne. Fitilar sola ko tocila a kan gado inda hannu zai kai, da fo a ɗaki saboda fitsarin dare, domin faɗuwa da yawa a hanyar bayan gida ake yinta cikin duhu ana magagin bacci.

Sallah kuma, tsofaffi da yawa suna azabtar da kansu suna ganin zama kamar rage lada ne. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana nan a Bukhari, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Wanda zai iya tsayuwa amma sujada ce ta gagara, ya tambayi malaminsa yadda zai haɗa tsayuwar da kujera. Mu sai da muka kawo malamar islamiyyarsu ta faɗa mata da bakinta sannan ta yarda, namu bai shiga ba.

Mataki na bakwai, ɗumi da shafe-shafe da abinci

Ɗumi yana taimakawa ƙwarai musamman da hunturu, tawul a ruwan ɗumi ko gorar ruwan zafi an naɗe ta da zani, minti 15 zuwa 20, kafin atisaye ya fi. In gaɓar ta kumbura tana zafi to sanyi take so ba ɗumi ba. Mai ciwon suga kar ya auna zafin ruwa da ƙafarsa, wani ya auna masa, domin zai iya ƙonewa bai ji ba. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa a'a, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa cikin bacci. Man zafi da man kaɗanya da tausa mai laushi duk babu laifi, banda kan rauni, kuma kar a shafa man zafi sannan a ɗora ruwan zafi a kai. Abin da ban yarda da shi ba shine tsaga da sakiya a kan gaɓa, musamman ga mai suga, rauni ne zai ƙi warkewa ko ƙwayar cuta ta shige cikin gaɓar. Haka jiƙe-jiƙen jarka da ake yawo da su da lasifika masu maganin cuta arba'in, ba ka san me aka zuba ba kuma ƙodar tsoho ba ta da rarar da za a yi gwaji da ita.

Nauyin jiki, a faɗi gaskiya ko da ɗaci, duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kamar kilo 4 a kowane taku. A rage lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu da tulin tuwon dare, amma banda horon yunwa, tsoho yana buƙatar abin gina jiki don naman cinyar nan, wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, awara, nono ko kindirmo, miyar kuka da zogale da riɗi saboda ƙashi. Tsohon da yake siriri kuma ba rage ci zai yi ba, ƙarawa zai yi. A riƙa fitowa hantsi ana shan rana kaɗan, a sha ruwa sosai lokacin zafi. Kuma ku lura, ciwo yana ƙaruwa in ba bacci in kuma akwai kaɗaici, ranar da gidan Inna ya cika da jikoki ba ta cika ambaton gwiwa ba, ranar da ta wuni shiru ita da rediyo nan ne za ka ji komai na ciwo. In ka ga tsoho ya daina cin abinci ya daina son mutane yana yawan zancen mutuwa, a faɗa wa likita wannan ma.

In an yi duk wannan wata da watanni ciwo ya hana bacci ya hana fita, akwai allurar da likitan ƙashi ke yi a cikin gaɓa mai ba da sauƙi na makonni, ba a yawaita ta, akwai kuma aikin canjin gwiwa ko ƙugu da ake yi a nan gida Najeriya, yana da tsada amma gaɓar roba da ƙarfe da ake sakawa takan yi shekara 15 zuwa sama. Ko da za a kai ga aikin, wanda cinyarsa ke da ƙarfi shi ya fi saurin miƙewa bayansa.

Mataki na ƙarshe, sanda da shirin ko-ta-kwana

Sanda ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya gefen, in gwiwar dama ke ciwo sanda a hagu, ta tafi tare da ƙafar mai ciwo, kusan kowa juyawa yake yi. Tsawonta ya zo daidai wuyan hannu in an tsaya an saki hannu, a sa mata roba a gindi. A matakala, hawa da lafiyayyar ƙafa ake farawa, sauka da mai ciwo. Inna da farko cewa ta yi ita ba ta kai riƙe sanda ba, sai da ƙanwata ta sayo wata mai kyau daga tsarabar Umara sannan ta zama abin ado.

Sannan a koya wa tsoho yadda zai tashi in ya faɗi ba kowa, a gwada tun ana lafiya da mutum a kusa: kar a yi saurin miƙewa, a ɗan kwanta a ji jiki, in ƙugu ko baya na ciwo mai tsanani a zauna a nan a yi kira. In ba haka ba a mirgina gefe, a dawo kan hannu da gwiwa, a rarrafa zuwa gado ko kujera mai ƙarfi, a dafa da hannu biyu, a kawo lafiyayyar ƙafa gaba a taka, a yunƙura a juya a zauna. Ƙaramar waya mai maɓalli ta zauna a jiki kullum, a 'yar jaka a wuya ko aljihu, ba a kan firji tana caji ba, a sa lambar mutum biyu na kusa a bugun maɓalli ɗaya. Mu mun ba maƙwabciyarta mukulli ɗaya, kuma akwai yarjejeniya tsakaninsu, in har rana ta fito ba ta ji Inna ta buɗe wa kaji akurki ba, ta shigo kawai ba sai ta yi sallama sau uku ba.